Ɗana, Kada Ka Bar 1.10 Ya Sha Gaban 1.2

Ɗana, idan aka ba ka kundi mai sassa, irin dokokin ƙungiya ko manhajar karatu, ka zuba shi cikin dict na Python ko hash na Perl, lambar kowane sashe ta zama mabuɗinsa, to ka natsu kafin ka jera. A nan masu gaggawa suke tuntuɓe.

A wurin kwamfuta mabuɗin nan rubutu ne, kuma harafi-harafi take gwada rubutu, daga hagu. Za ta ɗauki 1.10 da 1.2, ta ga 1 da ɗigo sun yi daidai, ta zo na uku ta ga 1 bai kai 2 ba, ta yanke hukunci nan take. Shi ke nan, sashe na goma ya shige gaban na biyu. Muddin sassanka ba su wuce tara ba, komai lafiya lau za ka gani. Sai ranar da aka ƙara na goma asiri zai tonu, wataƙila aikin ya riga ya bar hannunka.

Kada kuma ka ce bari ka mai da lambar adadi mai ɗigo. Wannan ya fi muni, domin a lissafi 1.10 da 1.1 abu ɗaya ne, kuma dict ba ya riƙe mabuɗi ɗaya sau biyu. Na baya zai danne na farko, sashe guda ya salwanta ba ko gargaɗi. Lokacin da Python 3.10 ta fito a 2021, mutane da yawa sun rubuta lambar tsirara a fayil ɗin YAML, aka karanta musu ita 3.1, wadda ta fito tun 2009.

Lambar sashe tamkar zuri'a ce: kaka, uba, ɗa. Ka yanka ta a kowane ɗigo da split, ka mai da kowane yanki cikakken adadi da int, ka haɗa su cikin tuple, ka miƙa wa sorted ta hanyar key. Da haka za a gwada mataki da mataki, 1.2 ya zo, 1.2.1 ya bi shi, sannan 1.10. Idan akwai irin 5.2a, ka ware harafin tukuna, don int ba za ta karɓe shi ba. A Linux kuwa, sort -V na yi maka wannan aikin.

Kada ka dogara da yadda mabuɗan suke zaune. Daga Python 3.7 ta 2018, dict yana kiyaye yadda ka zuba ne kawai, ba jerawa yake yi ba. Perl kuwa, tun 5.18 ta 2013, tana iya sauya zamansu duk lokacin da ka kunna shirin.

Kafin ka miƙa aiki, gwada shi da 1.1, 1.2, 1.10, 2 da 10.1, ka duba da idonka. Wani zai karanta kundin nan ya yi hukunci da shi, kuma amanarsa tana wuyanka. Allah ya yi maka albarka.