Amanar Sarkin Shanu

A watan Janairun 1903 Sarkin Kano Alu ya tashi zuwa Sakkwato yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. Ya kwashi manyan hakimai da mafi yawan barade, ya danƙa birni a hannun bayin sarki, cikinsu har da Sarkin Shanu Muhammadu.

Ran 3 ga Fabrairu sai ga Kanar Morland na Turawan Ingila da sojoji sama da 700, ga igwa, ga bindiga mai ruwa, sun riga sun ci Bebeji a hanya. Ƙofar Dukawuya ta gagare su, suka zagaya Ƙofar Kabuga suka fasa. Da suka shigo, masu tsaron ganuwa suka watse. Sarkin Shanu ya ja da baya zuwa Gidan Rumfa, fadar sarki, ya tsaya da 'yan tsirarun mutane har aka kashe shi.

Wani zai ce wauta ce, tunda gari ya riga ya ciwu. Ni ban yarda ba. Mutumin nan bai jahilci ƙarfin igwa ba, ya gani da idonsa a ranar. Mai gidan yana can nesa, ba mai tuhumarsa in ya sulale, sarautar kuma ba gadonsa ba ce. Ajiya aka ba shi, ya ƙi miƙa ta ga wanda ba mai ita ba. Mu kuwa yau a bar wa mutum shago a Kasuwar Kurmi, ko kuɗin masallaci, ko gadon marayu, da mai abu ya ba da baya sai hannu ya fara ƙaiƙayi. Shi kansa Alu, Allah ya jiƙansa, da labari ya iske shi a hanya, rabuwa ya yi da rundunarsa cikin dare, Waziri Ahmadu ya ja ta har ya faɗi a Kwatarkwashi.

Amurkawa ma suna da irin Sarkin Shanu. A 1813 Kyaftin James Lawrence, kwamandan jirgin ruwan yaƙi Chesapeake, ya sha harsashi kusa da Boston, yana kwance yana umartar mutanensa kada su sallama jirgin. Sojojin Ingila sun kame jirgin duk da haka, amma har yau akwai garuruwa masu sunan Lawrence.

Malaman makaranta, in kun kai yara Gidan Makama, ku nuna musu fada ku gaya musu wanda ya mutu yana tsaronta.