Da Wace Tiya Za a Auna Adalci a Motar Haya?

A kasuwa, in gardama ta tashi a kan hatsi, sai a ɗauko tiya a auna, magana ta ƙare. To, da me za a auna adalci wajen shiga motar haya cikin babban birni?

Birnin Yamai ya isa misali. Kogin Kwara ya raba shi biyu. Daga 1970, lokacin da aka buɗe gadar Kennedy, har 2011 da aka buɗe gada ta biyu, mutanen Harobanda ta gada ɗaya tak suke ƙetarewa zuwa Babbar Kasuwa da babban asibiti. Gadoji sun ƙaru, birnin kuma ya yi ta faɗi, talakawa suna komawa bakin gari inda haya take da sauƙi.

Waɗansu sukan ce, "Ai kuɗin mota ɗaya ne ga kowa, adalci ke nan." Amma wannan tiya ba ta cika ba. Mai taksi yakan tsaya ya ji inda mutum za shi. In unguwar da nisa, ko hanyarta rairayi ce, sai ya wuce, ko ya nemi ninki biyu. Mai sayar da ƙosai da ma'aikacin ofis suna biyan kuɗi ɗaya, amma ita ribar safiyarta ce ta tafi.

Saboda haka awo na gaskiya tambayoyi uku ne. Tsawon wane lokaci mutum ya ɓata kafin ya isa? Kashi nawa na abin da ya samu a yini ya bayar? Wane ne aka bari a tasha sa'ad da mota ta tashi? In faba-faba ta tsaya ana turereniya, masu ƙarfi ne suke shiga. Makaho, da tsohuwa, da mace mai goyo su ne suke saura cikin rana.

Ba daidai ba ne a ɗora wa direba laifin duka. Shi ma mai motar yana jiran kuɗinsa da maraice, ga tsadar mai, ga mugunyar hanya. Babban nauyi yana kan masu tsara birni, gama su ne suke zaɓen unguwar da za a kai wa kwalta. Sauran yana kan saurayin da yake da ƙarfin turewa, amma ya ja da baya.

Wanda yake so ya san ko birni yana da adalci, kada ya ƙidaya motocin tsakiyar gari. Ya tafi tasha ta ƙarshe da asuba, ya ga waɗanda suke tsaye har yanzu.