Ɗan'uwa Mai Ciwon Baya, Tramol Ba Arha Ba Ne



Ciwon baya ba baƙonmu ba ne a Garagumsa. Wanda ya yini a gona tun shuka har yankan gero ya san shi. Uwar da ta ja guga a rijiya, ta dawo ta kama taɓarya da goyo a baya, ta san shi. Ku dubi sahun asuba: dattijo ya yi ruku'u, sai ya cije leɓe, ya dafe ƙugu kafin ya miƙe. Ciwo jarrabawa ne, kuma addini ya kwaɗaitar da mu neman magani.

Abin da ke ci mini rai shi ne inda muke nemansa. Zuwa likita a Takeita sai kuɗin mota da na kati da na magani. In an ce a wuce babban asibitin Damagaram ɗaukar hoto, sai akuya ta tafi kasuwa. Kyautar da gwamnati ta kawo tun 2006 ta shafi irin su yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki da fiɗar haihuwa, magidanci ba ya ciki. Mai talla kuwa ga shi har ƙofar gida da tirensa, da ƴan daloli ya ɓallo maka tramol. Ban ga laifin talaka da ya miƙa hannu ba, amma mu yi lissafi.

Tramol dangin mofin ne da kodin. Ba ya gyara ƙashi, ba ya gyara jijiya, toshe wa ƙwaƙwalwa kunne kawai yake yi, kai kuwa ka ci gaba da ɗora wa bayan kaya yana ƙara lalacewa. Na asibiti yawanci miligiram 50 ne, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Na tire har mai 225 akwai, ƙwaya biyu ka zarce iyaka. Jiki ya saba, ɗaya ta koma uku, ranar da babu sai gumi da hamma da faɗa da iyali. Kuɗin cefane ya tafi kullum, shiru, har ya haura kuɗin akuyar da aka ji tsoron sayarwa. Wata rana mutum ya faɗi a kunya yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, a kwashe shi a amalanke zuwa asibitin da ya guda. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a yi wa daɗaɗɗen ciwon baya magani da irin wannan ƙwaya. Ta fi son motsa jiki da tausa da magani mai sauƙi a hannun likita.

Jiki amana ne, hankali ma amana ne, za a tambaye mu. Kai mai gona da ke jefa wa ƴan ƙwadago ƙwaya a shayi don su gama maka noma da wuri, ka ji tsoron Allah, ƴaƴan wasu ne. Kai mai tire, wannan riba ba ta da albarka.

Wanda kuma ƙwayar ta riga ta kama, kada ku kira shi ɗan ƙwaya ku kore shi, da ciwo ya fara. Kada ya yanke ta lokaci guda, likita ne zai rage masa sannu a hankali. In baya ya hana tsayuwa, a yi salla a zaune, Allah Ya yi rangwame. In ƙafa ta mutu, ko fitsari yana kufcewa, ko ga zazzaɓi da rama, a tafi asibiti a ranar.

Limamai da masu hali, ina roƙonku: ku buɗe asusu a kowane masallacin Juma'a, a riƙa biya wa marar ƙarfi kuɗin mota da na likita. Ku fara daga wannan Juma'ar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.