Haƙƙin Kifi a Kan Mai Datse Kogi

 

Wani zai ce ina ruwan Ba'are da zancen kifi? Mu mutanen Arewa, daga Matankari zuwa Dogon Dutsi har Tibiri, cikin kwarin Dallol Mawri muke zaune, kogin da ya bar gudu tun zamanin da babu wanda ya riska. Abin da ya bar mana shi ne rairayi, da gawo, da ruwa kusa a rijiya, da tabkuna irin Tabkin Saw. Amma je kasuwar Dutsi ka tsaya gun mai banda. Ga tarwaɗa an naɗe ta jela a baki, an soke da tsinke, hayaƙi ya mai da ita baƙa ƙirin. Uwargida ta ɗaga ɗaya ta sunsuna, ta ce, "Malam, wannan ta Gaya ce?" Duk abin da aka yi wa kogi, tukunyarmu aka yi wa.

Kifi matafiyi ne. Idan kogi ya kawo, sai ya bi ruwa ya kutsa fadama, ya zuba ƙwai cikin burgu, ƴaƴan su yi ƙiba a ruwa marar zurfi, in ruwa ya soma ja su koma gida. Sorkawa da Kabawa sun san wannan tafiya kamar yadda makiyayi ya san burtali. Wanda ya gitta bango a kanta don ya karkatar da ruwa zuwa gonaki, aikin alheri ya nufa, ba na musu. Sai dai akwai mai haƙƙin da ba a yi shawara da shi ba, wato kifi.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin Manzon Allah game da ƙoramun Mahzur da Muzainib na Madina: na sama ya shayar har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya saki wa na ƙasa. Riga wani zama bakin ruwa ba ya mallaka maka shi. Alƙur'ani kuma ya ba da labarin taguwar Annabi Salihu, wadda aka yanka wa ranar shanta, mutane na da tasu. Suratul An'am ta sanar da mu dabbobi al'ummu ne irinmu. Hadisin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne na matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi na kanta ba. Ni dai ina jin tsoron kada madatsar da ba ta da ƙofa ta yi kama da wannan ɗaki.

Ƙofar da nake nufi ita ce matakalar kifi, kuma Kogin Kwara ya daɗe da saninta. A Markala ta ƙasar Mali, Faransawa sun soma ginin baraji a 1934, suka gama a 1947, don ɗaga ruwa kimanin mita biyar da rabi ya bi magudanan Office du Niger. Gadarsa mita 816 ce. Sun yi wa kifi mashiga a ciki. Masanin kifi Jacques Daget ya yi nazarinta tun 1950, abin da aka gano kuwa shi ne ta yi kaɗan. Idan ayarin ƙananan kifayen nan da masuntan Bozo ke kira tineni, waɗanda suke matse mai daga jikinsu, ya taso sama, sai ya cunkushe a gindin bango, ƙalilan ke samun wucewa. An yi ƙofa, amma ba a auna ta da yawan masu shiga ba.

Ga yadda abin yake. Kududdufai ne na siminti jere, kowane ya ɗara na ƙasa da shi da kamar taƙi ɗaya, ruwa na kwarara daga wannan zuwa wancan, kifi ya haura ɗaya ya huta, ya haura na gaba. Wahalar tana bakin mashigar. Kifi ba ya ganin hanya, ƙarfin ruwa yake bi, don haka in aka aje bakin nesa da inda ruwa ke zuba, sai ya wuce shi ya je yana bugun bango har ya gaji. Sannan matakalar da aka yi a Bonneville ta Amurka a 1938, domin kifin salmon aka yi ta, mai tsalle da ƙarfin jiki. Tarwaɗa da kurungu ƙasa suke bi. Su tsaga suke so wadda ta sauka har gindi, ko kuwa a haƙa musu ƴar ƙorama ta kewaye madatsar, a jera duwatsu, ruwa ya tafi a hankali. Kwafo zanen wata ƙasa ba tare da an zauna da masunta ba ɓarnar dukiya ce.

Maƙwabtanmu na kudu sun ɗanɗana. Bayan an gama Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, da Goronyo a kan Rima a 1984, cikar fadama ta ragu, su ya ja baya a ƙasa da madatsun, alhali wannan ruwa shi ke gangarawa Matan Fada ta Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Wannan ya nuna matakala kaɗai ba ta isa, sai an saki ruwa a lokacin da kifi ke buƙatarsa.

Mu ma ga madatsar Kandaji a gabanmu, wadda aka aza tubalinta a 2008, kuma ruwan da zai fito daga gare ta shi zai iso Gaya. Ina roƙon masu iko su sa hanyar kifi cikin abin da ake bibiya tun ana zuba siminti, domin fasa bango bayan ya bushe ya fi tsada nesa. Idan an gina, a damƙa tsaron bakinta ga Sarkin Ruwa da dattawan masunta, a hana kafa taru a wurin, tun daga ranar da kogi ya soma kawowa har ruwa ya ja.