Direba Ne Ya Yi Gudu, Amma Wa Ya Yanka Masa Lokaci?

Hukunci iri biyu ne: akwai wanda wani zai iya ɗaukar maka, akwai wanda ba mai ɗauka sai kai. Tara tana cikin na farko. Idan aka ci ka tara, ɗan'uwanka ko maigidanka zai iya zaro kuɗi ya biya, hukuma kuwa ba ta tambayar aljihun da suka fito. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka ƙaro hukunci na biyu ga masu karya dokar hanya, wato zabtare maki daga lasisin tuƙi. Tambayar da nake so mu yi nazari a kai ita ce: idan motar ta kamfani ce, direban kuma ɗan aiki ne, wa ya kamata hukuncin ya faɗa wa?

Zan kafa misali da Faransa. Tun ranar 1 ga Yuli 1992 lasisin tuƙi a can yake da maki, cikakkensa 12. Tsallake jan danja yana cin maki 4, riƙe waya a hannu ana tuƙi yana cin 3, gudun wuce ƙa'ida kuwa gwargwadon yawansa ne. Ran da maki ya ƙare, lasisi ya mutu, sai mutum ya jira aƙalla wata 6 kafin ya sami wani. Ga wanda tuƙi ne sana'arsa, wannan ya fi ƙarfin tara, abincin iyalinsa aka taɓa.

To amma kyamarar da ke auna gudu a bakin titi lambar mota take kamawa, lambar kuma sunan kamfani take nunawa. Shekara da shekaru kamfanoni da dama sukan biya tarar su yi shiru, makin kowa bai motsa ba. Daga ranar 1 ga Janairu 2017 aka toshe wannan ƙofa. Doka ta wajabta wa shugaban kamfani ya bayyana sunan wanda ke tuƙa motar cikin kwana 45. In ya ƙi, kamfanin zai biya wata tara ta daban, yuro 675, kuma tana iya ƙaruwa.

Wani zai ce wannan doka ta mai da maigida ɗan rahoto a kan yaronsa. Ban raina wannan magana ba. Mu mun tashi ne da sanin cewa babba rufin asirin na ƙasa da shi ne, kuma maigidan da ya miƙa yaronsa ga hukuma ya zubar da girmansa. Sai dai mu tambayi kanmu, asirin wa ake rufawa, kuma wa ake tona wa? A kan titi akwai mutum na uku da ba ya cikin yarjejeniyar maigida da direba: yaron da ke tsallakawa zuwa makaranta, da mai babur, da tsohuwar da ba ta iya sauri. Idan kamfani yana biyan tarar direbansa a ɓoye, to ya mai da ganganci wani kuɗin aiki, kamar kuɗin mai ko na taya. Direba ya san babu abin da zai same shi, sai ya ci gaba. Alherin da aka yi masa, da ran wani aka biya shi. Saboda haka a ganina dokar ta yi daidai. Wanda ya riƙe sitiyari dole a san sunansa.

Amma a nan nake rabuwa da masu ganin magana ta ƙare. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ɗauka kamfani ya ba direba kayan da zai kai wurare da yawa a yini guda, kuma kowa a ofis ya san ba za su kammalu ba sai da gudu. Ko manaja ya riƙa kiransa a waya yana kan hanya, in bai ɗauka ba a yi masa faɗa. Kyamara ta kama motar, manajan nan ya cike takarda ya aika sunan direba, ya koma kujerarsa hankali kwance. Maki na direba ne, ribar saurin kuwa ta kamfani ce. Ran da lasisi ya mutu sai a nemo wani direba mai cikakken maki, a ɗora masa jadawalin da ya cinye na farko. Ta fuskar doka an cika umarni. Ta fuskar adalci, an ci moriyar ganga ne an ya da kwaurenta.

Turai ma ta gane wannan. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 561 ta shekarar 2006, wadda ta shafi manyan motocin kaya da na fasinja, ta sa tuƙin yini ya tsaya a awa 9 a bisa al'ada, da hutun minti 45 bayan awa 4 da rabi. Ta kuma hana kamfani biyan direba lada gwargwadon nisan da ya ci ko yawan kayan da ya ɗauka, in hakan zai jefa hanya cikin haɗari. Ma'ana, laifin gudu yakan fara ne tun daga teburin mai tsara aiki, kafin a tayar da mota.

Ba sai mun je Turai za mu fahimci wannan ba. Duk mai motar haya da ya yanka wa direbansa balas ɗin da ba ya samuwa sai da gudu da lodi fiye da ƙima, ya san abin da ya saya, ko da bai taɓa furta kalmar gudu ba.

Ban ce direba ba shi da laifi ba. Mutum ne mai hankali, ƙafarsa ce a kan totur, kuma cewa an matsa masa ba ya dawo da ran da ya salwanta. Amma nauyin mutum gwargwadon ikonsa ne. Direba yana da iko a kan ƙafarsa, maigida yana da iko a kan lokaci da albashi da kora. Wanda ikonsa ya fi yawa bai kamata nauyinsa ya fi sauƙi ba.

Don haka ga ma'aunin da nake ba duk mai ɗaukar direba aiki. Kafin ka rubuta sunansa ka aika wa hukuma, ɗauko jadawalin da ka ba shi a ranar, ka lissafa nisan da lokacin. In mai bin doka zai iya cika shi, aika sunan ba tare da jin kunya ba. In ba zai iya ba, aika sunan domin doka ta wajabta, sannan ka biya masa tarar, ka gyara jadawalin, ka kuma faɗa masa a gabansa cewa laifin na ku biyu ne.