Laifin Da Kowa Ke Cewa Ba Nasa Ba Ne



A shekarar 1971 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Thomas Schelling, ya so ya gane dalilin da baƙaƙe da farare ke zama unguwa daban-daban a biranen ƙasarsu. Ya jera kwabbai iri biyu a kan allo mai gida-gida irin na dara, kowane kwabo a matsayin magidanci. Doka ɗaya ya sa musu: in maƙwabtanka irinka sun yi kaɗan, ka tashi ka koma gidan da babu kowa.

Yau ba sai da kwabbai ba. Manhajar NetLogo, wadda Uri Wilensky ya fitar a 1999, tana buɗewa a shafin intanet, kuma ƙirƙirarriyar basira tana iya taya ka rubuta dokokin in ka faɗa mata abin da kake so. Ka sa kowane gida ya nemi kashi 30 kacal cikin ɗari na maƙwabtansa su zama irinsa, ma'ana ya yarda ya zauna cikin waɗanda suka fi shi yawa. Kafin a jima sai ka ga gari ya rabu gungu-gungu, wajen kashi 70 na maƙwabtan kowa irinsa ne. Tashin mutum ɗaya yana rage wa na kusa da shi 'yan uwa, shi ma sai ya tashi, haka dai har a watse.

To wa za a kama da laifi? Kowa zai ce, "Ni fa ban ƙi kowa ba." Kuma gaskiya ya faɗa. Amma da yayyafi kogi kan cika. Wanda bai san inda ƙaramin zaɓinsa ke kaiwa ba yana da uzuri. Wanda ya sani, uzurinsa ya ragu, domin kyakkyawar niyya ba ta ɗauke maka nauyin duba abin da aikinka ke haifarwa in ya haɗu da na dubu irinka. Haka abin yake a tura jita-jita a WhatsApp, ko zuba shara a kwata.

Sai dai a yi hattara. Abin da ka zuba wa na'ura shi za ta mayar maka. A allon Schelling babu tsoro, babu talauci, babu bankin da ya hana baƙar fata bashin sayen gida, alhali duk an yi su a Amurka. Wanda ya san Kaduna bayan rikicin shekarar 2000 ya san tsoro ne ya tashi mutane da yawa daga gidajensu. Kada wani ya ɗauko wannan kwaikwayo ya wanke azzalumi da shi, wai ai haka nan abin ya faru da kansa.

Ɗan uwa, kafin ka ce "ai ni kaɗai ne", tambayi kanka: in kowa a unguwarmu ya yi yadda zan yi, wane gari za mu wayi gari a ciki?

Allah Ya sa mu zama maƙwabta nagari.