In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan magana ta fi fitowa fili idan masifa ta auka wa ƙasa, shugabanni suka shiga nuna wa juna yatsa. Abin da muke son mu duba shi ne: idan mai tambaya yana da son zuciya, tambayarsa ta faɗi ke nan?

Bari mu ɗauki misali daga Amurka. A watan Satumba na 2006, Kiris Walas na gidan talabijin na Fox News ya tambayi tsohon shugaba Bil Kilinton dalilin da ya sa bai gama da Usama bin Ladan ba tun yana kan mulki. Kilinton ya fusata, ya zargi gidan da yi wa 'yan adawarsa aiki, ya kuma buƙaci sanin ko an taɓa tsare mutanen Joj Bush da irin wannan tambaya.

Kowane ɓangare yana da abin riƙewa. A zamanin Kilinton ne aka kai hari ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam a 1998, mutum fiye da 200 suka mutu. A 2000 kuma aka kashe sojojin ruwa 17 a jirgin yaƙin Cole a tashar Adan. Bush shi ma an kai masa rahoton sirri ranar 6 ga Agusta, 2001, cewa bin Ladan ya ƙudiri kai hari cikin Amurka. Bayan mako biyar aka yi asarar rayuka kusan 3,000.

A ganinmu, haƙƙi biyu ne a nan, kuma ɗaya ba ya share ɗaya. Ɗan jarida tamkar mai awo ne a kasuwa: in ya auna wa wannan da babban mudu, wancan da ƙarami, ya ci amanar masu kallo ko da hatsinsa mai kyau ne. To amma shi ma shugaba ba zai fake da mugun nufin mai tambaya ba, domin ba ɗan jarida yake ba amsa ba, marayu da zawarawa yake ba. Don me bai ɗauki matakin da ya isa ba? Wannan tambaya tana nan, ko daga bakin maƙiyi ta fito. Adalci ya sa mu ambaci cewa Kilinton ya amsa a hirar cewa ya yi ƙoƙari ya kasa.

Mafi kyawun misali shi ne na Ricad Kilak, jami'in yaƙi da ta'addanci da ya yi aiki da gwamnatocin biyu. A watan Maris na 2004 ya zauna gaban hukumar bincike, ya fuskanci iyalan mamatan, ya ce gwamnati ta kasa kare su, shi ma ya kasa, sannan ya nemi gafararsu. Rahoton hukumar na watan Yuli ya nuna gazawar ta shafi gwamnatocin biyu.

Saboda haka, duk sanda muka zauna kallon irin wannan hira, mu tambayi kanmu abu biyu: da mudu ɗaya aka auna wa kowa? Kuma an amsa tambayar, ko kuwa an juya kan mai tambaya ne kawai? In muka tsaya ga wadda ta yi wa ɓangarenmu daɗi, mu ma mun hau tudun.